Akushin da ke dawowa wayam

Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In na yi shiru, kuka ne ya ci ƙarfina.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, ita ce shekarar da ciwon sukari ya kama maigidana a Gangara. Ɗiyarmu da ke aure a Isa ta kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyi. Ta buɗe wani jadawali a wayarta, gida-gida kamar fangalin albasa: gidan barci, gidan abinci, gidan magani, gidan jiri. Kullum da hantsi sai ta kira ni ta cike.

"Inna, Baba ya ci tuwon jiya?"

"Ya cinye tas."

"Kin gani da idonki?"

"Ke, yaushe na taɓa zama ina kallon bakin ubanki? Akushi dai ya dawo wayam."

A zaure yake cin abinci, kamar kowane magidanci. Ni iyakata bakin ƙofa.

Rumbuna suka yi ƙasa. Mutane suka riƙa wucewa ta garinmu daga wajen Burkusuma, suna jan awaki da ƙashi ya fito. Shi kuma sai rama yake yi. Wani lokaci zufa ta karyo masa yana zaune, hannunsa na rawa har carbi ya faɗi.

Da wata ya juya, ɗiyata ta jera gidajen nan ta duba. Ta ce barci ba ruwansa, magani ma yana sha daidai. Amma duk ranar da ya cinye tuwo, washegari jiri ya kayar da shi. Ranar da ya rage, lafiya lau.

"Inna, abincin ne ya yi masa yawa."

"To, za ni rage."

Na rage malmala guda. Akushi ya ci gaba da dawowa wayam, jirin ya ƙaru, na sake ragewa. Ƙwayoyin nan kuwa bai taɓa fashin su ba. A lokacin ban san ƙwayar sukari tana kayar da wanda ya sha ta da yunwa ba.

Wata safiya aka shigo da shi daga masallaci a hannu. Bai kai azahar ba.

Ranar addu'ar uku wani baƙo, tsoho, ya tsaya bayan dangar gida ya yi mini gaisuwa. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Duk matafiyin da dare ya riska a zaurensa, sai ya tura masa akushi ya ce shi ya ƙoshi. Ni kaina na ci tuwonki, baiwar Allah."

Na ce, "Ranar da babu baƙo fa?"

Ya ce wannan bai sani ba.