Ruwan Alwalar Ɗayyabu

Ɗayyabu mutumin Baɓura ne, kuma duk wanda ya san Baɓura ya san ba a wasa da ruwa a can. A gidansu ko alwala ba a yi a tsakar gida haka kawai, sai an je gindin darbejiya an tsuguna, don abin da ya zuba daga hannu bishiya ta samu. Mahaifiyarsa Hajjo ce ta kafa dokar, kuma da rankwashi ta kafa ta. Shekara tara ke nan yana Kuala Lumpur, ya iya cin shinkafa da safe, ya iya cewa boleh, wato zai yiwu, ko da abu ba zai yiwu ba, amma har yanzu idan ya ga famfo yana ɗiga sai ya ji kamar jininsa ne ke zuba.

Sana'arsa aika kaya. Ɗalibi ya gama digiri, ya tara littattafai da tukwanen matarsa, Ɗayyabu ne zai ɗaure su a kwali ya san yadda za su isa Kano. Yana haya a ɗakin baya na wani gidan katako a unguwar Kampung Baru, wurin wata tsohuwa Bamaleshiya da yake kira Makcik Kamila, wato Gwaggo Kamila. A ƙofar gidan akwai bishiyar ceri guda ɗaya, gajera mai yawan rassa, tana yin 'ya'ya jajaye kamar magarya, masu tsami. Mijin Makcik ne ya dasa ta kafin ya rasu. Kullum da safe tsohuwar kan tsaya kusa da ita da kofin shayi.

A watan Maris na 2020 Makcik ta tafi garin Ipoh wurin 'yarta da ta haihu, da niyyar mako ɗaya. Ta ba shi mukulli, ta nuna bishiyar, ta ce ta bar masa amanarta. Kwana huɗu da tafiyarta aka rufe ƙasa saboda korona. Ba jirgi, ba kaya, ba mai fita daga wata jiha zuwa wata. Mutumin da ya saba yini yana zirga-zirga tsakanin unguwannin Sentul da Bukit Bintang sai ga shi zaune a baranda yana kallon ƙafarsa. Gajiyar zama ta fi ta aiki cin rai, wannan kowa ya gani a shekarar.

To, sai ya juya kan bishiya. Da ya dube ta da kyau, har tausayin marigayin ya kama shi: bawan Allah ya dasa ta a kan wani ɗan tudu, ta yadda duk ruwan da aka zuba sai ya gangare ya bi kwata. Ina aka taɓa yin haka? Ya samo shebur a bayan gida, ya kwashe tudun, ya haƙa mata gurbi a kewaye, ya ɗaga gefensa kamar bakin akushi, yadda ake yi wa kowane dashe a garinsu. Masallatai a rufe suke, don haka sau biyar a rana yana tsugunawa a gindinta da butarsa. Ruwan wankin shinkafa ma nan yake kawo shi. Ran nan ya kwanta da daɗin rai, karo na farko tun da aka kulle gari.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne sama. A watan Afrilu kusan kullum bayan azahar sai hadari ya haɗo, a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gurbin ya cika ya tsaya, kafin ya tsotse an sake wani. Shi kuwa Ɗayyabu murna yake, wai bishiya ta ƙoshi.

Ana shiga azumi ganyen rassan ƙasa ya fara rawaya. Ya kira Hajjo ya kwatanta mata. Ita da ke zaune a cikin zafin bazara, tulunta na jiran ɗan garuwa, ta ce ai ganye ba ya rawaya sai don ƙishirwa, ya ƙara mata ruwa, ya zuba toka. Ya ƙona kwalayen aikinsa da suka rasa amfani ya zuba tokar. Furen ya kakkaɓe. 'Ya'yan da suka fara nuna suka zube. Ya sayo taki a kedai, wato kantin kan kwana, ya ƙara, garin neman ƙiba ya samo rama.

Kowace Juma'a Makcik kan kira shi ta bidiyo ta ce ya nuna mata bishiyar. Ya koyi tsayawa ta ɓangaren gabas, inda rassa biyu suka rage da ganye, ya ɗaga wayar sama. Bai taɓa yi mata ƙarya da baki ba, yana gaya wa kansa haka, amma kunya ce ke hana shi cin abincin buɗa-baki yadda ya kamata. Bai gane inda ya kuskure ba. Shi dai ya san bai taɓa wahala a kan wani abu kamar yadda ya wahala a kan itacen nan ba, ko ɗiyarsa da ke gida ba ta samu wannan hidimar daga gare shi ba.

A watan Yuni aka buɗe hanya. Makcik ta sauko daga motar surukinta da takunkumi a fuska, ba ta shiga gida ba, ta nufi bishiyar. Rassan gabas ɗin ma sun bi sahu. Ta daɗe tana kallon gurbin, ruwa kwance a ciki, sauro na tashi. Ta sunkuya da ƙyar, ta tura hannu cikin laka, ta jawo saiwa ɗaya. Baƙa ce, ta narke a yatsunta, tana wari.

Ɗayyabu ya fara zayyana abin da ya yi, shebur da toka da taki da alwala biyar. Ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta gaya masa cewa kwana uku mijinta ya yi yana jido ƙasa a bokiti daga bayan gida don ya tada tudun nan, lokacin ciwon ajalinsa ya riga ya kama shi, saboda a nan garin ruwa ke kashe itace.

"Shekara goma sha ɗaya, ɗana," ta ce, "ban taɓa ba ta ruwa ba ko kofi ɗaya."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai ya sare ta kafin gara ta shiga ta wuce cikin katakon gida, ita ba za ta iya kallo ba. Ya sare ta da yammacin nan. Itacen bai yi gardama ba, sara huɗu ya kwanta. Ya cike gurbin da hannunsa, ya sake tada tudun duk da ba abin da zai hau kai.

Washegari da safe Makcik ta fito da kofin shayinta, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Da azahar ta yi Ɗayyabu ya cika buta ya fito. Ƙafarsa ta kai shi rabin hanya kafin ya tuna. Ya yi tsaye da butar a hannu, sannan ya koma bakin kwata ya tsuguna, ya yi alwalarsa yana kallon ruwan yana tafiya.