Gangar da Tanase Ya Ajiye wa Ranar Mutuwarsa

A ƙauyenmu, can gindin tuddan inabi, in ka ce Tanase sai a tambaye ka, "Mai harshe?" To, shi fa. Tun yana saurayi ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da ake yin giyar inabi a bakin hanya, bai fito ba sai da furfura. Aikinsa haɗin giya. Inabin gangaren gabas ƙarfi gare shi amma ga kaushi, na kwari kuma sai laushi ba ƙashi. Tanase zai kurɓi wannan, ya kurɓi wancan, ya kurkure baki ya tofar, ya ce a ƙara kaza, a rage kaza. Gidan ya sauya hannu ba sau ɗaya ba, amma ba mai gidan da ya taɓa musa masa.

Kamar kowane dattijo a wurinmu, yana da gangarsa ta mutuwa. 'Yar ƙaramar ganga ce ta katako a lungun ɗakin ƙasan gidansa, jar giya, haɗin hannunsa na shekarar da inabi ya fi kyau. Ita za a buɗe ranar da aka kai shi makwanci, jama'a su sha su yi masa addu'a. Giya a ganga kuwa raino take so. Katako na tsotse ta kaɗan-kaɗan, dole a riƙa cikawa ana ɗanɗanawa, in ba haka ba iska ta shiga ta tsamar da ita.

Wani hunturu zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, harshen bai tashi ba, hancin ma haka. Tafarnuwa da tuwon masara duk suka zama ɗaya a bakinsa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ce gwiwa ce ta hana shi hawa da sauka, ya bar aiki. Matarsa Safta ta gane ranar da ta manta gishiri, ya lashe kwano ya yaba miya. Ta ɗauke kwanon ta wanke. Ganga kuwa, in ya tuna ya sauka ya ɗan cika, ya kurɓa, ya gyaɗa kai kamar ya ji wani abu.

Ana nan sai ga waya daga ƙasar Sifen. Ɗansu tilo, Gavril, da ya je can aikin gini, ya faɗo daga benen da suke ginawa ya rasu. Aka kawo shi cikin akwatin da aka ce kada a buɗe.

Safta ta ce, "Maigida, bari a karɓo giyar sadaka a gidan giya."

"Ɗana ba zai tafi da giyar kanti ba. Tunda ya riga ni, gangar tasa ce."

Da safen jana'iza ya leƙa ta katanga ya kira Dobre, maƙwabcinsa, wanda suka tsufa suna yi wa juna tsiya.

"Kai, tsohon biri, zo ka ɗanɗana mini."

"Ni? Ba kai ka ce harshena tafin takalmi ne ba?"

"Har gobe ma. Sauko dai."

Suka sauka. Tanase ya zaro toshiya ya tsiyaya a kofi. Dobre ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe. Ya dubi Tanase, ya dubi bango, sannan ya haɗiye.

"Yaya?"

"Kai ba ka ji ba ne?"

"Mura nake yi."

Dobre ya share gashin baki da bayan hannu. "Ta yi, mutumina. A hau da ita."

Bayan an dawo daga maƙabarta aka jera tebura a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi. Ga dafaffiyar alkama da zuma, ga naɗin kabeji da nama. Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, aka cika kofuna. A al'ada, kafin mutum ya sha sai ya ɗiga kaɗan a ƙasa, rabon mamaci ke nan. Kowa ya ɗiga, kowa ya kai baki.

"Allah ya jiƙansa," in ji wannan. "Hannunka dai hannunka ne, Baba Tanase," in ji wancan.

Shi kuwa ba bakinsu yake kallo ba, hannuwansu yake kallo. Ya ga matar fada ta sauke kofinta gefen kujera ta sake ɗiga wa Gavril. Ya ga maƙerin gari ya yi haka. Dobre ma, da ya ɗauka ba mai ganinsa, ya karkata nasa gaba ɗaya. Ba wanda ya ɓata fuska, ba wanda ya nemi ƙari, kofuna dai sai komawa suke wayam, ƙasar ƙarƙashin tebur ta yi jawur ta jiƙe har tana kama takalmi. Ƙananan ƙudajen nan masu son tsami suka fara taruwa.

Safta ta dafa masa hannu. "Bari in aika a kawo wata."

"A'a."

Ya ɗaga kofinsa ya shanye tas, kamar ruwan rijiya. Ya miƙa wa Dobre.

"Cika."

"Tanase, don Allah..."

"Cika, na ce. Yaron nan ya sha iya shansa. Sauran nawa ne."