Gidan da Muka Bari, Filin da Ba Mu Samu Ba

Ni ban san gida yana da kuɗi ba sai da na je Kano. A ƙauyenmu, can gefen Toranke, in mutum zai yi gida sai ya kai wa mai unguwa goro, a nuna masa wuri, ya kira gayya. Maza su kwaɓa ƙasa, mu mata mu ɗebo ruwa mu tuƙa tuwo. Haka aka yi namu, ɗaki biyu da rumbu da dangar kara. Daɓen ɗakina ma ni na yi shi da hannuna.

Bayan an ba Kano jiharta, maigidana ya sami aikin ban ruwan fulawa a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati a Nasarawa. Muka bar gida a hannun yayansa, muka hau motar gyaɗa daga Gaya. Yaran yanzu da suke koya mini rubutu ba sa yarda in na ce a unguwar nan sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ji ƙarar turmi ba. Itatuwa ne da kwalta da karnuka. Aka ba mu ɗaki ɗaya a bayan gidan. Ɗakin da motar mai gidan take kwana ya fi namu faɗi, kuma shi ba ya yoyo.

Na tambayi Malam, haka nake kiran maigidana, nawa ake sayar da irin wannan gida. Ya ce, "Ke dai yi wankinki. Ko an sayar da Ajingi da kasuwarta ba za a sayi katangarsa ba." Shi burinsa ƙarami ne. Fili yake so a bayan gari, ko ɗaki ɗaya ne mu kafa, mu ce namu.

Muka yi ta tari. Ni ina yi wa uwargidan wanki, shi yana ban ruwa. Akwai wani dillali mai jan gemu da yake kai mu ganin fili. Farko ya nuna mana a Tarauni, abin da muke da shi bai kai ba. Da muka ƙara tari muka koma, sai ya ce ai Tarauni ta wuce mu, mu taho Hotoro. Shekara ta zagayo, Hotoron ma ta wuce mu. Kullum gabas yake yi da mu, kullum cikin gonakin mutane.

Na ce masa, "Malam dillali, in haka za mu yi ta yi, ka kai mu Gaya kawai mu huta, dama hanyarmu ce."

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, filin ne yake da ƙafa, ba ni ba."

Na ce, "Hajiyar da ba ta da wurin kafa murhu."

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi abin ya lalace gaba ɗaya. Mai fulawa ba a ƙara masa ko sisi ba, amma fili ya ninka. Sai Malam ya ce zai je ya sayar da gidanmu na ƙauye ya cika. Zaman Kano ya sa ya manta inda ya fito.

Muka je da Sallah. Ina bayan danga ina jin su, shi da yayan nasa da muke kira Yaya.

Yaya ya ce, "Ka sayar da me?"

"Gidan."

"Wa zai saya? Wanda yake son gida ga daji nan, ga ƙasa, ga mai unguwa. Mutum ya ba ka kuɗi don ya kwana inda ka kwana?"

Malam ya ce a Kano har kango ana saye. Yaya ya ce, "To ɗauke shi ka kai Kanon." Daga nan ya daina wasa. Ya ce katangar gabas ta tsage, rufin yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka, shi kuma nasa gidan da gonarsa sun ishe shi. Ko Malam ya dawo da rani ya gyara, ko ya bar ni in zauna a ciki, don gida in ba hayaƙi a cikinsa ba ya daɗewa.

Na ce wa Malam ni zan zauna. Ya ce in ba ni, uwargidan za ta nemo wata mai wanki, mai wankin kuma ita za a ba ɗakinmu. Gaskiya ya faɗa. Muka koma tare. Da rani kuwa lokacin ne fulawa ta fi son ruwa, wa zai ba mai ban ruwa hutu? Damina ta bi damina. Saƙo ya zo katanga ta faɗi. Wani ya zo cewa Yaya ya zare azarar ya ajiye kada ta karye. Daga nan ba mu ƙara jin komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ana nan aka yi wa ma'aikacin da muke gidansa canjin wurin aiki. Wanda ya zo a madadinsa ya taho da mai fulawarsa da mai wankinsa. Muka kama haya a unguwar Birget, ɗaki ɗaya, banɗaki na mutum ba iyaka. Hayar ta fara cin abin da muka tara, ciwon bayan Malam ya cinye sauran. Da abin ya ƙare muka ɗaura kayanmu a mota muka dawo.

Masara muka tarar a inda gidanmu yake, ta fi tsayina. Kufai ai ba ƙasar da ta fi shi kyau, Yaya kuma manomi ne, ban ga laifinsa ba. Ya ce a bari a karya masarar mu karɓi wurinmu. Mai unguwa ma ya ce in wani wurin muke so mu zaɓa, kyauta.

Bayan kaka Malam ya kira gayya. Na jiƙa dawa, na ari manyan tukwane, na tuƙa tuwo. Yaya ya zo da ɗansa, sai wani tsoho da ba ya iya ɗaga kwando. Sauran kowa da uzurinsa. Wata maƙwabciya ta faɗa mini a bakin rijiya, ba ta ɓoye ba: "Duk shekarun nan wa ya ga mijinki a gayyar wani? Mun yi gini, mun yi rufi, kuna can kuna shayar da fure." Ba ƙarya ta yi ba. Tuwon nan yara na raba wa.

Ginin ya kai gwiwa ya tsaya. Malam ba ya iya sunkuyawa, kuɗin ɗaukar magina babu. Yaya ya ba mu ɗakin da yake zuba harawa, a ciki Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da na gama takaba 'yata da take aure a Gaya ta ɗauko ni zuwa gidan mijinta. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ko ƙusa zan kafa a bango sai na aika an tambaye shi, kuma na ji suna maganar in babban ɗansu ya yi aure nan ɗakin za a sa amarya.