Gyaran Kaka a Cikin Lissafi

Ina aji biyu na firamare lokacin da kriz, wato matsin tattalin arziki, ta sauka a unguwarmu Briketeri. An yanke albashin ma'aikata, masu kawo wa Babanmu ɗinki suka ɗauke ƙafa, har gizo-gizo ya fara yi wa kekensa saƙa. Ni kuwa a lissafi kaina kamar dutse. Baba ya ce in na maimaita aji, sai dai in zauna gida, ba shi da ƙarfin biyan shekara ɗaya sau biyu. Na yi kuka sosai, don ina son makaranta, ita ce dai ba ta sona.

Kakata, mai sayar da alewar madara a ƙofar gida, ta ce a bar mata ni. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma wa ya isa ya faɗa mata? Kullum bayan la'asar sai ta jera alewa a faranti, uku nan, huɗu can.

"Nawa ke nan?"

"Bakwai."

Sai ta ɗora ɗaya a kai. "Takwas. Ina gyara? Mai ba mutum abu cif-cif marowaci ne, ba a haife shi a gidan nan ba."

In na amsa daidai, gyaran nawa ne. Cikin sati biyu na zama gwana, haƙorina ɗaya ma ya fara ciwo.

Ranar jarrabawa na yi wa kowace amsa gyara, da zuciya ɗaya. Na samu sifili. Malamarmu, 'yar kudu da muke kira Madam, ta lura duk amsoshina sun haura da ɗaya, ta ce in zo da babba. Kaka ta yafa mayafi, ni ce tafinta, don Madam ba ta jin Hausa.

"Gaya mata," in ji Kaka, "ita in ta je kasuwar Mokolo sayen tumatir, ba ta tsayawa tana kado, kado, neman gyara da yarensu, sai an ƙara mata? To yarinya ta ƙara mata ba ta roƙa ba, shi ne laifi?"

Na fassara mata. Madam ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta miƙo mini alli, ta ce dama ɗaya ta rage. Ta rubuta biyar da uku a allo. Kaka tana zaune a bencin baya, ta zuba mini ido. Na rubuta takwas, kunya kamar ta kashe ni. Haka na yi guda goma, ko waiwaye ban yi ba.

Muka tako gida ni da Kaka. Baba yana bakin shago, ya miƙe tsaye da ya hango mu.

"Ta ci," in ji Kaka. "Sun koya mata rowa a gabana, amma ta ci. Sai ka nemo yadi, rigar makarantar nan ta yi mata kaɗan."