Daddawar da na ɓoye a bayan falo

A shekarun baya, lokacin maigidana yana da rai, Allah Ya ji ƙansa, muna zaune a unguwar Abakpa. Ni ban yi karatun boko ba, 'yata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye.

Malam ya yi ritaya daga ma'aikata, ƙafa ta fara damunsa, fansho kuma ba ya kai mu ƙarshen wata. Sai na koma yin kayan miya da hannuna. Ina shanya tumatir da kuɓewa, ina daka kuka, ina matse man gyaɗa. Bai hana ni ba, amma ya kafa mini sharaɗi ɗaya.

"Ki yi abinki a cikin gida," in ji shi. "Kada wani ya san halin da muke ciki. Ban taɓa miƙa hannu ba, kuma ba na son a miƙo mini."

Duk waɗannan kayan miyar suna ɓoyuwa. Ni da wayona sai na ce bari in haɗa da daddawa, tunda na iya tun ina gaban mahaifiyata. Na sayo kalwa, na wuni ina dafawa, na surfe ta da toka, na wanke, na sake dafawa. Na zuba a kwando na lulluɓe da ganye da buhu. Sai ta kwana uku a wuri mai ɗumi ba a buɗe ba. A ƙauye bayan gida ake ajewa. Ni kuwa tsoron hancin maƙwabta ya sa na kai ta ɗan ɗakin ajiya da ke jikin falo, na ja ƙofa. Tsofai-tsofai da ni, na manta cewa wari ba ya jin ƙofa.

Rana ta uku bayan la'asar, sai ga sallama. Wani ne da ya yi aiki a ƙarƙashin Malam, yanzu ya zama babba a ofis, ya zo dubiya da mota da direba. Na kawo ruwa na koma bayan labule. Mu mun saba da warin, amma na ga baƙon yana taɓa hanci tun kafin su gama gaisawa.

Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, amma kamar ɓera ya mutu muku a ɗakin nan."

Kafin Malam ya amsa, baƙon ya ƙara da cewa:

"Da wannan ƙafar taka ba za ka iya ba. Bari in duba, direbana ya fitar da shi." Ya miƙe, ya nufi ƙofar.

Na so in fito in ce e, ɓera ne, zan cire da kaina. Amma na tsaya a bayan labule. Ina kallon hannunsa har ya kai kan mariƙin ƙofa.

"Dawo ka zauna," in ji Malam. "Ba ɓera ba ne. Daddawa ce uwar yara ke yi mana. Ta kasuwa ta fi ƙarfinmu yanzu."

Mutumin ya dawo ya zauna, ya sunkuyar da kai. Sai na ga hannunsa yana tafiya cikin aljihun babbar riga. Abin da Malam ke gudu ke nan. Na runtse ido.

"Fito da hannunka haka nan," Malam ya ce. "Ka zo gaishe ni, na gode. Yaushe rabonka da miyar kuka da daddawar gida?"

"Tun rasuwar mahaifiyata, ranka ya daɗe."

"To ka turo direbanka ranar Juma'a, ta bushe. Za a ba ka taka."

Da ya tafi na durƙusa gaban Malam ina ba shi haƙuri. Ya daɗe bai dube ni ba. Daga baya ya ce, "Tashi ki fitar da ita tsakar gida ta sha iska. In kin zo rabo, ki cika masa kwano sosai."

Ranar Juma'a da kansa ya dogara sanda, ya miƙa wa direban kwanon a ƙofar gida, maƙwabta suna kallo.

Bai ƙara shekara biyu ba a duniya. Har yau ina jin ciwon cewa gangancina ne ya sa ya faɗi maganar da ya fi ƙi da bakinsa. Bai taɓa yi mini gori a kai ba, ko sau ɗaya. Da ya yi, wataƙila da yanzu na daina kuka. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.