Famfon Ruwan Motar Baba

A shekarata ta biyu a Alƙahira, wato 2012, Baba ya kira ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce motarsa ta kwanta. Famfon ruwan injin ne ya mutu, kuma makanikensa a Gusau ya gaya masa kamfanin da ya ƙera ta ya rufe, sai na jabu ake samu a kasuwa.

"An ce akwai irinta a Masar," in ji Baba. "Ka nemo mini. Amma na asali nake so, mai sunanta a jikin kwali."

Motar 'yar Koriya ce, ƙarama, ruwan toka. Ita ya saya da ya yi ritaya daga koyarwa, kuma ba ya yarda kowa ya wanke ta sai shi. Ni kuwa fiƙihu nake karantawa, abin da na sani a mota bai wuce shiga da fita ba. Na rubuta sunan motar a takarda, na bi shagunan kayan gyaran mota na unguwar Madinat Nasr. Duk inda na miƙa takardar sai a ɗauko mini kwali mai sunan wani kamfanin Amurka, ni kuma in mayar. A shago na huɗu mai shagon ya gaji da ni, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya shaikh, babu wani sai wannan."

Abokin zamana a gidan haya ne ya tura ni wurin wani dattijo a unguwar Ainu Shams, Bahaushen Sudan, direban tasi. Kakanninsa daga Haɗeja suka taso za su Makka a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zaman ya ɗore. Na same shi a bakin shagon shayi, farar tasinsa tana gefe. Na gaishe shi, na kira shi Kawu, na ba shi takardar. Ya karanta, ya dube ni, ya yi dariya har shayin ya nemi ƙware shi.

"Ɗana, yau sau nawa ka ga motar babanka a titi?"

Na ce ban ga ko ɗaya ba.

Ya nuna tasinsa da haɓa. "Ga ta nan."

Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Kamfanin bai mutu ba, karyewa ya yi, Amurkawa suka saye shi. Da farko sun bar masa sunansa, suka liƙa nasu a gaba. A wasu ƙasashe suka cire tambarinsa daga goshin motocin suka sa nasu. Bara kuma, har a can Koriya suka goge tsohon sunan. Wannan samfurin a nan Masar ake harhaɗa shi. Da can da tsohon suna yake fitowa, yanzu da sabon.

Ya ga ban gamsu ba. Ya ce, "Yalla, tashi." Muka taka zuwa ƙarshen layin, inda wani maƙwabcinsa ɗan Masar yake da mota mai tsohon tambarin, irin ta Baba sak, launi ne kawai ya bambanta. Kawu ya kawo tasinsa ya jera su, aka buɗe bonet biyu. Ya riƙa ɗora yatsana a kan abu a wannan, sannan ya kai shi kan ɗan'uwansa a waccan: lagireto, murfin mai, inda famfon ruwa yake zaune. Ban ga bambanci ba ko na ƙusa ɗaya.

"Bar sunan kwali," in ji shi. "Lamba ake dubawa. Sa a karanto maka lambar da ke jikin tsohon famfon."

Na kira makaniken Baba, ya karanto mini. Kawu ya kai ni shagon da yake sayayya, aka fito da kwalin nan da na yi ta ƙi. Lambar ita ce. Na saya, na ba wani ɗalibi mai tafiya gida hutu.

Bayan mako biyu Baba ya kira, muryarsa a daƙile.

"Ba wannan na ce ba. Sun cuce ka, sun ba ka na wata mota."

Tun da nake ban taɓa ja da maganar Baba ba. Amma ranar ban ji ko ɗar ba.

"Baba, a ɗaura shi. Shi ne."

"Sunan fa?"

"Sunan ne aka sake, motar tana nan yadda take. Na ga injinan biyu a jere da idona."

Ya ce, "To, Allah Ya sa," ya kashe wayar.

Kwana biyu bayan haka ina fitowa daga darasi ya sake kira. Ya ce yana Ƙauran Namoda, da motar ya je, kuma allurar zafi ba ta ko motsa ba. Bai ce na yi daidai ba. Baba ba ya faɗin haka. Tambaya ya yi: "To yanzu motar tawa ta su wa ce, Koriya ko Amurka?"

Na kai wa Kawu tambayar tare da kilishin da Baba ya aiko masa. Ya ce in gaya wa Baba ta wanda ke zuba mata mai ce.

Labari ya bazu a dangi da abokan Baba masu irin motar. Har na gama karatu a 2015, da wuya wata ya wuce ban hau bas zuwa Ainu Shams da lamba a aljihu ba. A shekarar ƙarshe Kawu ya daina raka ni shagon. Sai ya zauna da shayinsa ya ce in je, na san hanya.