Ranar da Alhaji Ya Je Cinikin Biza

"Gaya mata kai ɗan mutunci ne, na san mahaifinka," in ji Alhaji Sabo, yana gyara babbar riga a ofishin biza na Guangzhou.

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a Caina ce. Na gama jami'a, wani kamfanin tufafi na can ya ɗauke ni, amma aka hana ni bizar aiki, wai sai na yi shekara biyu ina aiki tukuna. Alhaji, ɗan kasuwar Kantin Kwari da nake rakawa Caina sarin kaya ina masa tafinta, ya rantse sai ya nema min alfarma.

Na fassara wa ma'aikaciyar. Ta yi murmushi, ta girgiza kai.

"Ta ƙi, Alhaji."

"Yaro ne kai. Haka suke yi a Caina. Taso mu tafi, kafin mu kai ƙofa za ta kira mu."

Muka juya, yana tafiya kamar mai tausayin ƙasa, yana raɗa min, "Kar ka waiga!" Har muka fito titi, shiru.

Ya dubi ginin ya ce, "Kai, wannan ta iya ciniki!"

Ni da na shiga da ƙwalla, dariya ta durƙusar da ni. Nan take ya ce in zo in yi shekara biyun a shagonsa. Na yi, na dawo, aka ba ni bizar.

Yau na wuce ta wurin, na kama kaina ina rage sauri. Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Ku fa, wa ya taɓa tsaya muku haka?